Biri Na Goma Sha Uku

Litinin, 4 ga Maris

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga ubanta, ina kuma gaida Inna. Yaya gwiwar? Inna ta ce ka daina shafa maganin da na aiko, wai warin kananzir yake yi. Ka daure ka ci gaba, warin ba ya kisa.

Tun da ka ce a waya rabin magana kunnenka ke kamawa, na koma biro da takarda. Direban motar da ke kawo wa birai abinci ya ce gidanka a kan hanyarsa yake. Zai riƙa miƙa maka wasiƙata duk Talata, ya karɓo amsa idan ya sake zagayowa.

Ga albishir. Ka tuna aikin da muka sa hannu a shekarar da ka yi ritaya? Ƙwayar cutar nan da ke karya garkuwar jikin birai, 'yar'uwar wadda ke kama mutane, ita muka ɗauka muka gutsure mata wani yanki don ta raunana. Manufar ita ce ta shiga jiki ba ta da ƙarfin yin ɓarna, jiki kuma ya koyi yaƙi da ita. Birai goma sha biyu muka yi wa allurar. Bayan wata shida muka sa musu ƙwayar mai cikakken ƙarfi. Yau shekara uku ke nan, ko ɗaya bai kamu ba.

Farfesa ya gama rubuta rahoto, zai karanta shi a babban taron masana ranar ashirin ga Mayu. Sunana ne na biyu a kai. Idan aka karɓa, za a fara maganar yadda za a bi wannan hanya a nema wa mutane nasu rigakafin. Jiya na tsinci Farfesa yana fito a baranda. Kai da ka yi shekara da shekaru a ƙarƙashinsa, ka taɓa jin ya yi fito?

Sai wani ƙaramin labari daga ɗaki na uku. Mai Tabo, macen nan da ka rena da kwalba, ɗaya daga cikin sha biyun, ta haihu. Ba mu shirya ba, sakatar da ke raba maza da mata ce ta lalace bara ba a lura da wuri ba. Jaririn yanzu watansa huɗu. Baba Dogo, wanda ya gaji kujerarka, ya raɗa masa Tsinke saboda ƙashi ne da fata. Ba ya cikin lissafin binciken, ɗan rakiya ne kawai. Yana ɗan zawo kwana biyun nan, amma ka san jarirai.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka

*

Lahadi, 10 ga Maris

Dakta 'yar Kawu,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na karanta sau biyu, na uku Inna ta sa na karanta mata da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Allah ya yi miki albarka. Yarinyar da nake ɗorawa a bayan keke in kai makaranta tana gyangyaɗi, yau ita ce ta biyun Farfesa. Inna ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci, don a hoton da kika aiko wuyanki ya yi tsawo.

Maganin gwiwa ina shafawa. Kyanwar gidan nan ta ƙaurace mini, wannan kuma alhakinki ne.

Fito kuwa, ban taɓa jin Farfesa ya yi ba. Shekarata talatin da ɗaya a wurin nan, sau ɗaya na ga ya yi dariya, ranar da wani biri ya fizge masa tabarau ya hau saman keji ya saka. Ko ranar ma sai da ya juya baya.

To amma bari in yi miki tambayar jahili. Ni dai ban iya karanta takardun da na'urarku ke fitarwa ba, aikina shara da wanki da raba abinci. Wannan Tsinken, shi ke maƙale da cikin uwarsa da hannu da ƙafa, ko ita ke tallafe shi da hannu ɗaya in za ta yi tsalle? Ɗan wata huɗu ya kamata a ce ya isheta da ƙiriniya, yana sauka yana jan jelar manya ana make shi. Kuma ki buɗe bakinsa ki duba harshe da dasashi. Mai Tabo ba za ta ba ki shi da daɗin rai ba. Ki ce wa Dogo ya ba ta ayaba a hannun hagu, ta dama take cizo.

Wataƙila ba komai ba ne, tsufa ne ke sa ni surutu. Ki gaida Dogo, ki ce masa har yanzu ban yafe masa takalmin robana da ya yage ba.

Allah ya tsare mini ke.

Kawunki

*

Litinin, 25 ga Maris

Kawu,

Sallama da gaisuwa mai yawa gare ka da Inna. Ka yi haƙuri da shirun mako biyu. Na zauna zan rubuta ya fi sau uku ina yage takardar.

Na yi abin da ka ce. Ita ke tallafe shi. Bakinsa kuma fari fat, kamar an shafa alli. Na ɗebi jininsa na auna da kaina. Ƙwayar da muka raunana ce, ya sha ta a nonon uwarsa. A jikin manya tana kwance lamo, amma a jikinsa ta yi yawa har na ɗauka na'urar ce ta yi kuskure, na sake aunawa. Ƙwayoyin jinin da ke kare jiki kuwa, kashi ɗaya cikin uku ya rage masa. A taƙaice, Kawu, rigakafinmu ne ya ba shi cutar da muka yi shi don ya hana.

Na kai wa Farfesa takardar a ofishinsa. Ya karanta a tsaye, ya ajiye, ya ce, “Birai nawa muka yi wa allura?”

Na ce, “Sha biyu, ranka ya daɗe.”

Ya ce, “Wannan yana cikinsu?”

Na ce, “A'a.”

Ya ce, “To rahotonmu a kan sha biyu yake, kuma babu ƙarya ko ta kalma ɗaya a cikinsa. Jariri ɗaya ba hujja ba ne. Mu je taro mu dawo, sai mu buɗe masa nasa binciken.”

Na ce, “Matan da za a yi wa irin wannan allura wata rana, suna haihuwa, suna shayarwa.”

Ya ɗauki biro yana juyawa, na fito. Washegari na tarar da takardarsa a kan teburina, ga ta nan na haɗo maka.

Abin da ya fi damuna ba shi ba ne, ni ce. Da yake magana, sai na ji rabin zuciyata tana gyaɗa masa kai. Na fi shi son wannan rahoto ya fita. Kuma ka san dalili, ko da yake ba mu taɓa zancen ba. Kawu, na san abin da ya kashe Umma. Ina shekara sha huɗu na ga katin asibitinta a cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonka, ina neman takardar haihuwata. Na karanta, na mayar yadda na same shi. Ka ce mini tarin fuka ne, na bar ka a haka don na ga kana son in yarda. Tun daga ranar na san aikin da zan yi.

Ban rubuto don in tayar maka da hankali ba. Ba ni da wanda zan faɗa wa ne sai kai.

Allah ya bar mana kai.

'Yarka

*

Zuwa ga Mataimakiyata,

Bayan gaisuwa. Na yi nazarin sakamakon da kika kawo mini jiya, kuma ina yaba miki da kulawa. Matsayina dai bai canza ba. Dabbar da ake magana a kai ba ta cikin tsarin da kwamitin kula da dabbobi ya amince mana da shi, kuma ba a gina hukunci a kan dabba ɗaya. Shekara goma sha ɗaya na yi a kan wannan aiki, na ga abubuwa da dama da suka tsorata mu suka wuce.

A ci gaba da jinyar jaririn da duk abin da ya kamata. A ajiye jininsa a sanyi. Idan kika zo mini da wani abu daga cikin sha biyun, ƙofata a buɗe take. Idan babu, rahoto zai tafi ranar talatin ga Afrilu yadda yake.

Na gode.

Shugaban Sashe

*

Asabar, 6 ga Afrilu

'Yata,

Wa alaikumus salam. Direba ya zo Talata na sallame shi hannu sake. Ban iya riƙe biro ba. Inna ta ɗauka gwiwar ce, sai da na miƙa mata wasiƙarki ta sa na karanta mata, muka zauna a tsakar gida har rana ta bar mu.

Tarin fuka ba ƙarya na yi miki ba, shi ya ƙarasa ta. Amma na ɓoye miki abin da ya buɗe masa ƙofa. A wancan lokacin maganin da ake sha yanzu a rayu da cutar bai iso gare mu ba, kuma in aka ji sunanta a gida, ko kofin gidan ba a sha. Kina shekara shida. Mahaifinki ya riga ya rasu. Uwarki, ƙanwata, ta riƙe hannuna ta ce kada in bari a riƙa nuna ki da baki a layi. Na kai ki aka gwada jininki sau biyu, na ce miki allurar ƙyanda ce. Da aka ce ba ki da komai, na fita bayan asibitin na zauna a kan wani dutse. Na yi niyyar faɗa miki in kin girma. Kika girma, na ce sai kin gama karatu. Kika gama, na rasa ta inda zan fara. Ashe shekara ashirin kina ɗauke da shi ke kaɗai, a cikin gidana. Ki yafe mini.

Maganar aikinku kuwa, ba zan ce miki yi kaza ko bar kaza ba, ya fi ƙarfin ilimina. Farfesa ba mugu ba ne. Mutum ne da ba ya jin magana sai ya gani da idonsa. Ya ce ki kawo masa wani abu daga cikin sha biyun, to ki nema.

Yaushe rabon da ku auna jininsu? In dai ba a canza ba, duk wata shida ne, kuma ƙwayar mai ƙarfi kuke nema, ba taku ba. Biri kuma ba ya nuna ciwo a gaban mai farar riga. Da ya ji takunku zai miƙe ya buɗe ƙirji. Mai shara ne kaɗai ba ya jin kunyarsa. A kowane ɗaki akwai katako uku, na sama na babba ne, ba ya barinsa sai ƙarfinsa ya fara tafiya. Ki tambayi Dogo wa ke kan katakon sama a kowane ɗaki, kuma wa ke kai watan jiya da na shekaranjiya. Ki tambaye shi wa ke barin ɓawon lemo da saura a jiki. Kada ki kira shi ofis, zai ce miki komai lafiya. Ki same shi wajen famfo yana wanke kwanuka.

Inna na gaishe ki, ta ce ki zo ko na kwana ɗaya ne.

Allah ya yi miki jagora.

Kawunki

*

Litinin, 22 ga Afrilu

Kawuna,

Sallama da gaisuwa. Babu abin yafewa a tsakaninmu. Ka riƙe alkawarin ƙanwarka, ni kuma na riƙe naka, kowa ya yi wa ɗan'uwansa shiru don ƙauna. Ya wuce.

Na sami Baba Dogo wajen famfo, na cire farar rigar na tsuguna ina taya shi ɗauraya. Da na yi masa tambayarka, sai ya ajiye soson ya dube ni ya ce, “Wannan ba tambayarki ba ce, Dakta. Ta Sarkin Birai ce.” Ban san haka suke kiranka ba.

Ya ce Gwarzo, babban namijin ɗaki na biyu, ya sauko daga katakon sama tun farkon Fabrairu, ba tare da wani ya yi faɗa da shi ba. Wata mace kuma a ɗaki na huɗu, Shiru, ta daina gama lemonta. Na ce me ya sa bai faɗa ba. Ya tashi ya ɗauko littafin raba abinci ya buɗe mini. Ya rubuta, Kawu, har sau biyar, da jan biro. Mu ne ba mu taɓa buɗe littafin ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Na ɗebi jinin duka sha biyun. Goma lafiya lau. A jikin Gwarzo da Shiru kuwa, ƙwayar da muka gutsure ta yi wa kanta faci. Ba ta mayar da abin da muka cire ba, wata dabara ta samo a madadinsa, tana ta hayayyafa a hankali.

Ranar Alhamis na kai wa Farfesa takardun da littafin Baba Dogo. Ya karanta takardun. Ya fi daɗewa a kan littafin. Sai ya ce, “Ina ɗaki na biyun yake yanzu?” Shekara biyu rabonsa da sauka ƙasa wajen birai, an canza tsarin ɗakunan. Na raka shi. Ya cire rigarsa ya ba ni, ya kifa bokiti ya zauna a bakin ƙofa, ya ce in tafi. Baba Dogo ya ce ya fi awa ɗaya a wurin. Da ya fito, sai ya shiga mota ya tafi gida. Juma'a bai zo ba. Yau ma ofishinsa a rufe.

Saura kwana takwas rahoto ya tafi. Na rubuta takardar neman a cire sunana idan zai tafi yadda yake, tana cikin jakata. Ban san inda zan nufa ba in na miƙa ta.

Tsinke ya daina kama nono. Safiyar Asabar ni da likitan kwamiti muka yanke shawarar kada a ja masa wahala. Na yi masa allurar barcin da ba a farkawa da hannuna, yana naɗe a tawul a cinyata. Bai kai nauyin kwalbar ruwa ba. Mai Tabo ta yini tana leƙa kowane lungu na kejin. Baba Dogo ya zauna kusa da ita bai tafi cin abinci ba.

Ka sa mu a addu'a.

'Yarka

*

Zuwa ga Malam Sarkin Birai,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Za ka yi mamakin ganin rubutuna. Direba ne ya faɗa mini yana biyowa ta wajenka.

Na ga ya kamata ka ji daga gare ni. Na janye rahoton, na rubuta wani. A taron ashirin ga Mayu na faɗa wa masana cewa rigakafinmu yana kariya, kuma yana iya zama cutar da kansa, don haka kada kowa ya nufi ɗan Adam da irinsa. Ba a tafa ba sosai. Amma bayan an tashi, mutum uku daga wasu cibiyoyi suka same ni suka ce za su koma su duba nasu dabbobin.

Za mu fara daga tushe. Wannan karon ba za mu yi amfani da ƙwaya mai rai ba, ɓawonta kawai za mu ɗauka, wanda ba ya iya hayayyafa. Kariyarsa ba za ta kai ta farko ba, sai an yi aiki. Zai ci shekara biyar ko fiye, ni kuma saura mini biyu. Na rubuta wa hukuma cewa 'yarka ce za ta jagoranta.

Gwarzo da Shiru suna shan magani. Littafin raba abinci yanzu ana karanta shi a taron kowace Litinin, mai rubuta shi kuma yana da kujera a wurin.

Shekara talatin da ɗaya muna wuri ɗaya, ban tuna na taɓa tambayarka abin da ka gani ba. Wannan kuskurena ne.

Na gode.

Farfesa

*

Litinin, 3 ga Yuni

Kawu,

Sallama. Na san takardar Farfesa ta riga tawa isowa, don sau biyu yana tambayata ko rubutunsa zai karantu a wajenka. Na yage wadda ke jakata.

Aikin da aka ɗora mini ya fi ni girma, ina jin tsoronsa, amma ina barci yanzu. An ba ni hutun mako ɗaya kafin mu fara. Zan biyo direba ranar Talata mai zuwa, a gaban mota, tsakanin buhunan abinci.

Ina da roƙo ɗaya. Duk abin da na sani game da Umma a kan katin nan yake: shekarunta, nauyinta, ranar da aka kwantar da ita. In na zo, ina son ka ba ni labarinta kafin ciwo. Wace irin mace ce?

A gaida Inna.

'Yarka

*

Laraba, 5 ga Yuni

'Yata,

Wa alaikumus salam. Na ba wani mai zuwa wajenku wannan don kada ki riga ta. Inna ta share miki ɗaki tun jiya.

Uwarki tela ce, kuma ba ta taɓa gama ɗinki ranar da ta yi alkawari ba. In tana dariya sai ta dafa bango. Ba ta da tsoron kowa a duniya, sai dabba. Kaza ta taɓa korar ta daga tsakar gida, ta hau turmi tana kiran sunana, tana da cikinki wata bakwai. In na dawo daga aiki ba ta bari in zauna kusa da ita sai na yi wanka sau biyu. Da za ta ga inda kike wuni yau, da ta fara suma, in ta farfaɗo ta zaga layi gida gida tana faɗa wa mutane 'yar wace ce.

Sauran ba na takarda ba ne. Ki zo.

Kawunki